Mudi Bakanike, Wanda Ya Ɗaga wa Mota Hanci

Idan ka tambayi direbobin tashar Ƙafin Maiyaki wane ne Mudi Bakanike, za su ce maka mutum ne mai nawar aiki. Ka kai masa mota da hantsi a kan gyaran da wani zai gama kafin shayinka ya huce, sai ka yi azahar a gindin mangwaron garejinsa, ka yi la'asar, yana nan yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Haka za su faɗa maka, gobe kuma a wurinsa za ka tarar da su. Matan hayi, wato ƙauyukan da ke bayan rafin Ɗorawa ta wajen Badafi, mai motar damina suke ce masa, alhali bai taɓa mallakar ko taya ba. Jauro Mamman, shugaban Fulanin da ke zaune a can, ya ce a duk mutanen gari Mudi kaɗai ya taɓa zuwa rugarsa don yin tambaya, sauran saye ke kai su. Matarsa Barakatu kuwa cewa take ba ta taɓa wanke masa riga ta fita ba, kuma ta daina sa rai tun tana goyon fari.

Akwai kuma waɗanda in ka ambace shi sai su taɓe baki su ce, ai shi ne ya shayar da motar Alhaji Wada ruwa, ya narkar da takin hayi. Wannan magana ta yi shekaru tana bin sunansa, har ga shi bana ya ajiye sifana saboda yanar da ta rufe masa ido, ba ta sake shi ba. Ni tela ne, rumfata tana kallon garejinsa. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka ba gwanin rubutu ba ne, amma yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, sauran kuma daga bakin waɗanda suka gani na ji.

Mudi ba ya komawa barci bayan asuba. Daga masallaci sai gareji. Ya share gindin mangwaron da kansa, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoni daga babba zuwa ƙarami, sannan ya zauna a kan tsohuwar taya ya sha koko. Duk wanda ya kawo mota, sai an gaisa tukuna, an tambayi iyali da gona, komai saurin mutum. Sannan ya ce a tayar da inji. Ba ya taɓa komai sai ya saurara. Yana da wata sandar gora da yake ɗora bakinta a jikin injin, ɗaya bakin a kunnensa, ya lumshe ido. A lokacin ko sallama aka yi, da hannu yake amsawa.

Rafin Ɗorawa da rani yashi ne zalla, jaki ma ba ya jiƙa kofato. Da damina ta yi nisa kuwa sai ya raba mutanen hayi da duniya. Mara lafiya a kan gadon kara ake ɗauko shi, maza su ɗora a kai su ratsa ruwa. Gishiri da kananzir su yi wuya, hatsin da ya kamata ya zo kasuwa ya zauna a rumbu. A farkon shekarun tamanin Alhaji Wada, ɗan kasuwar hatsi, ya sayo wata tsohuwar Landiroba a gwanjo da niyyar ya riƙa shiga hayin. A daminar farko motar ta mutu masa a ruwan da bai wuce cinya ba. Da Mudi ya kwance injin ya tarar ruwa ya shiga ciki har ya lanƙwasa ƙarfe. Ya yi wa Alhaji bayani cewa inji numfashi yake yi kamar ɗan Adam, kuma inda wannan motar ke shaƙar iska yana nan ƙasa a cikin bonet, da ta tura ruwa da ƙirjinta sai ta shaƙe shi. Ya ce lokacin da yake koyon aiki a Kano ya taɓa ganin motar wasu masu aikin hanya da bututu a gefen gilashin gaba, ya miƙe har saman rufi, ta nan take numfashi. Alhaji ya tambaya a ina ake sayarwa. Mudi ya ce bai san inda ake sayarwa ba, amma ya san yadda zai yi.

Bututun famfo ya samo, mai faɗin da hannu zai kama. Ya cika shi da busasshen yashi ya toshe bakunan, ya kai maƙera aka zuga wuta, yana lanƙwasa shi sannu a hankali. Yashin ne ke hana bututun lotsewa a wurin gwiwa. Ya huda gefen motar ya bi da shi zuwa matatar iska, ya naɗe kowace mahaɗa da robar tiyub da ya yanka siriri, ya ɗaure da zoben ƙarfe. A sama ya juyar da bakin yana kallon baya, ya yi masa hula da gwangwani, ya sa ragar waya don kada zanzaro ya yi gida a ciki da rani. Ranar da motar ta fito, tasha ta cika da dariya. Wani direba ya ce, "Mudi, wannan mota ce ko tsohuwa mai shan lofe?" Wani ya ce a ba ta taba ta ja. Mudi ya yi murmushi ya ce su bari damina ta zo.

Gwajin da yake yi wa aikin shi ne abin da ban taɓa gajiya da kallo ba. A tayar da inji, ya hau kan taya, ya ɗora tafin hannunsa a bakin bututun ya toshe. In injin ya shaƙe ya mutu, aiki ya yi. In ya ci gaba da ruri, to yana satar iska ta wani wuri, kuma inda iska ta samu hanya ruwa ma zai samu. Sai ya kwance duka ya sake. Na ga ya kwance aiki ɗaya sau da yawa a yini guda, mai mota yana ta tsaki.

Bututun ma rabin aikin ne. Injin fetur ba ya son ko ɗigon ruwa a wayoyin wutarsa. A nan ne Malama Saudatu, ma'aikaciyar ɗakin shan magani, ta shigo labarin. Ta zo a gyara mata keke, Mudi ya ga safar hannu ta roba a jakarta, ya tsaya yana ƙirga yatsun. Wayoyin fulogi huɗu ne, ga ta biyar mai kawo wuta, duk daga kai ɗaya suke fitowa. Ya roƙe ta tsohuwar safa, ya huda kan kowane yatsa, ya zura waya ɗaya a kowanne, ya lulluɓe kan da tafin safar, ya ɗaure, ya cike gefen da giris. Daga ranar Malama Saudatu ba ta sake yar da tsohuwar safa ba, sai ta dafa ta a ruwan zafi ta aiko masa. Akwatin giya da tulun giyar da ke tsakanin ƙafafun mota kowanne yana da 'yar ƙofar shan iska, su ma ya ja musu siraran robobi zuwa sama. Ni kuma ya kawo mini tamfol, na ɗinka abin da ake rataya wa motar a gaban lagireto kamar zanen goyo, don ta riƙa ture ruwa gaba maimakon ta haɗiye shi.

Da ya gama da ƙarfe sai ya ce saura ruwan kansa, shi kuma bai san shi ba. Abin da ya kai shi rugar Jauro Mamman ke nan. Jauro ya ba ni labarin da bakinsa, yana dariya. Ya ce ya zaci nono mutumin ya zo saye, sai ya ji yana tambayar yadda suke gane inda shanu za su ratsa. Ya kai shi bakin rafi ya nuna masa cewa inda ruwa ya kwanta lif nan ne rami, inda yake 'yan ƙananan tsalle nan ne tsakuwa a ƙasa, kuma mashigi yana sauya wuri bayan kowane babban ruwa. Daga nan Mudi ya kafa dokarsa: direba ya tsaya injin ya huce, ya sassauta bel ɗin fanka, ya tuɓe ya ɗauki sanda ya ratsa da ƙafa. In ruwan ya hana shi tsayuwa, mota ma ba za ta tsaya ba, a juya. In ya ratsu, a toshe bututu da hannu a gwada, a sa giyar ƙarfi, a shiga da totur ɗaya ba ɗagawa ba sauya giya. In an fita a taka birki ya bushe, a duba baƙin mai. In ya koma kamar kindirmo, ruwa ya shiga, kada a ƙara tafiya.

Direban da ya fi kowa iya wannan karatun shi ne Maikano, ƙanin Barakatu. Mudi ne ya koya masa tuƙi, shi ne kuma ya tsaya masa a wurin Alhaji Wada har aka ba shi Landirobar. Magidanci ne mai fara'a da son wasa, kuma shi ke riƙe da mahaifiyarsu a hayi.

Daminar da ta biyo baya dariyar tasha ta ƙare. Malama Saudatu ta shaida mini cewa a motar nan ta fara kai allurar rigakafi hayi a watan Agusta, abin da ba a taɓa yi ba, tana zaune da akwatin ƙanƙara a cinya, ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa har idon sawu, injin kuwa ko tari bai yi ba. Ɗan Jauro Mamman da maciji ya sara a wurin kiwo, a motar aka fito da shi, yau yana da 'ya'ya. Wani dattijon hayi ya rasu a asibitin Tudun Wada bayan ya bar wasiyya a binne shi kusa da iyayensa, motar ce ta ratsa da gawarsa aka cika masa wasiyyar. Masu motoci suka fara zuwa daga Bebeji, daga Ba'awa, har daga Doguwa inda rafuka suka fi namu faɗa. Mudi na Barakatu, mai raba inji da ruwa. Kai ne ka sa damina ta daina zama ɗauri ga mutanen hayi, kuma ba ka taɓa sa an rubuta sunanka a jikin ko mota ɗaya ba.

Sai daminar da ruwa ya yi ɓarna a Bagauda. Takin zamani ya makara a shekarar, masarar hayi ta fara yin rawaya. Da ya samu, manoman suka haɗa nasu wuri ɗaya suka ɗora wa motar Alhaji Wada, aka yi mata lodi har saman rufi. Hadari ya haɗo, kowa yana cewa a yi sauri kafin rafi ya ƙaru. Maikano ke tuƙi, mashigin kuma wanda ya sha ratsawa ne, ruwan ma bai kai na wasu ranakun ba. A tsakiya injin ya yi tari ya ɗauke. Ruwan sama ya sauko, rafi ya fara hawa. Fulanin Jauro suka fitar da mutane da igiya, ba a rasa rai ba, amma kafin a haɗa shanun da za su ja motar, ta karkace, takin ya narke ya bi ruwa. Buhunan banza aka kwaso. Shekarar nan gidaje da yawa a hayi ba su ga masarar kirki ba.

Da aka jawo motar gareji, ina rumfata ina kallo. Mudi ya zagaya ta, ya tsaya a wurin bututun, ya shafa shi daga sama zuwa ƙasa. Ya yafito ni da hannu. A tsakiyar bututun ga sawun igiya ya ci fenti, bututun ya ɗan karkato, mahaɗar ƙasa ta buɗe kamar faɗin farce. Duk wanda ya san motar kasuwa ya san abin da ya faru. Mai ɗaure kaya ƙarfen da ya gani tsaye yake nema, ya zarga igiya, ya taka da ƙafa ya ja iya ƙarfinsa. Kuma da an toshe bakin da hannu kafin a shiga ruwa, da injin ya tona asiri. Maikano yana tsaye can gefe, bai ɗago kai ba. Mudi ya dube shi, ya dube ni, ya ce in bar maganar a rumfata. Na bar ta a nan har zuwa Juma'ar da ta wuce.

Alhaji Wada ya iso da jama'a a bayansa, ransa a ɓace, ya tambayi abin da ya kashe masa mota. Mudi ya ce mahaɗa ce ta buɗe. Alhaji ya ce wa ya haɗa ta. Mudi ya ce shi ne. Ya ƙara da cewa, "Laifina ne, Alhaji. Akwai abin da ya kamata in yi tun farko, ban yi ba." Jama'a suka ji laifina ne, ba wanda ya tsaya tambayar mene ne abin. Kafin ranar kasuwa magana ta zagaye ƙasarmu ta Kiru cewa aikin Mudi ya saki a tsakiyar ruwa. Masu motocin Doguwa suka janye. A hayi, garin surukansa, ya je gaisuwar rasuwa wasu suka amsa masa a daƙile. Maikano kuwa ya ci gaba da tuƙa wa Alhaji, yana ciyar da tsohuwarsa, sai dai ya daina wasan da yake yi da mijin yayarsa, in ya kawo mota ya ajiye makulli ya koma tasha.

Abin da Mudi yake nufi da laifinsa, a aikinsa na gani. Landirobar da ya farfaɗo da ita, da duk motar da ya taɓa bayan nan, sai ya sa mai walda ya kafa wani ƙarfe dabam a gefen bututun, mai kauri, da zobba a jikinsa, ya shafa masa jan fenti. Wannan na igiya ne da na masu maƙalewa a gefe. Bututun kuma ya matsar da shi ya manne da jikin mota yadda igiya ba za ta zagaya shi ba. Na tambaye shi wata rana, muna cin gyaɗa, ko bai ji zafin abin da ake faɗa ba. Ya ce ya ji mana, shi dutse ne? Amma shi ya san mutanenmu, ya san yadda muke ɗaure kaya, ya kafa ƙarfe tsaye a motar kasuwa bai ba su wani wurin ɗauri ba. Ya ce gargaɗi da baki ba ya riƙe igiya ranar da hadari ya haɗo. Tun daga lokacin ban ji motar da ta fito daga hannunsa ta sha ruwa ba. Masu motoci suka dawo sannu a hankali, amma maganar takin hayi ba ta mutu ba.

Malam Mudi, kai ne ka ga kuskuren wani ka nemi naka rabon a ciki, ka gyara shi da ƙarfe da walda. Kai ne ka je ruga ka durƙusa ka koyi ruwa da girmanka. Mun gode. Matan da suka isa asibiti sun gode, manoman da hatsinsu ya ga kasuwa sun gode, ni ma da na ci abinci da ɗinkin tamfol na gode. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma kanikawan da kuka gaji garejin, da sauran masu sana'ar hannu, ku riƙe abin da kuka gani: ku gwada aikinku kafin ku miƙa shi, kuma ku yi shi daidai da mutanen da za su yi amfani da shi, da halinsu da gaggawarsu.

Ranar Juma'ar da ta wuce direbobi suka haɗa masa 'yar walima a gindin mangwaron bayan an sauko daga masallaci. An kawo shinkafa da goro, mata suna daga cikin gida, Jauro Mamman ya zo da ƙwaryar fura. Aka yi ta jawabai. Da aka zo kan Alhaji Wada, wanda shi ma yanzu sai da sanda, ya yabi Mudi sosai, sannan ya ce tunda an zo rabuwa da aiki yana so jama'a su shaida, abin da ya faru a rafin Ɗorawa ya yafe masa, kowa yana kuskure. Mutane suka ce madalla. Mudi ya sunkuyar da kai ya ce ya gode, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Sai Maikano ya miƙe daga bayan taron. Ba a sa shi cikin masu magana ba. Ya ratso tsakanin tabarmi ya zo gaban Mudi, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Mudi ba ya gani sosai, amma ya gane tafiyarsa.

"Maikano, koma ka zauna," in ji shi. "Shinkafa tana hucewa."

Maikano bai koma ba. Ya durƙusa a ƙasa, ba a kan tabarma ba, ya ɗaga murya yadda Alhaji Wada zai ji, yadda matan cikin gida ma za su ji.

"Alhaji, ba shi za ka yafe wa ba. Ni na ɗaure igiyar takin a jikin bututun, da hannuna, na taka na ja. Na zo bakin ruwa ban gwada ba saboda ina sauri. Ya gani tun ranar, ya rufe ni, ni kuma na bar shi da ita duk shekarun nan ina ji ana faɗa. Yaya Mudi, na cuce ka. Don Allah ka yafe mini."